Tabarmar da Gwaggo Ba Ta Ƙarasa Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinsa muka nufa, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Gwaggo, yayar mahaifina, ta riga mu gidan gaskiya ranar wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar ɗaurin hatsi. Ina bakin aiki a likitar Konni, wato asibitin garin, ina wanke wa wani ɗan kabu-kabu ciwo a gwiwa, sai salula ta yi ƙara. A shekarun nan, a ƙauyenmu na ƙasar Dogarawa, sai an hau tudun bayan makabarta ake samun rezo, wato layin waya. Saboda haka mijin ƙanwata da ya kira ni yana tsaye ne yana kallon masu haƙa kabarin Gwaggo. Kafin in sami mota, in sauka a bakin kwalta, in hau babur, an riga an rufe ta. Ko sallarta ban samu ba.

Zaman makokin bai cika ba, kada in yi ƙarya don ta mutu. Ba ta haihu ba, maza uku ta aura duk ta binne su, kuma ba ta bar akuya ko guda ba. Masu ta'aziyya suna zuwa, su ce ya haƙuri, a shafa fatiha, su koma gona. Wani abokin Baba ya gyara zama ya ce, “Allah shi jiƙanta. Ta dai huta da mahaukata.” Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Na ji zafin maganar, amma ban tanka ba, don ni kaina na taɓa faɗin abin da ya fi wannan muni.

Rana ta biyu wasu baƙi suka iso. Akwai wata Bafillatana mai tallar nono, da ƙwarya a ka. Akwai wani tsohon soja mai ɗingishi, wanda ba ɗan ƙasarmu ba ne, aiki ya kawo shi ya zauna. Akwai wata mata daga Alela da goyo a baya. Sun gaisa da mutane a tsaitsaye, ba su zauna cikinmu ba. Suka zagaya bayan ɗakin Gwaggo, suka jingina da bango a jere, kafaɗa da kafaɗa, duk suna fuskantar gona, babu mai cewa uffan. Matan gida suna leƙe suna taɓa baki. Ni na san me nake gani. Kowane ɗayansu ya taɓa zama a gindin bangon nan wata da watanni, lokacin da hankalinsa ya gushe, danginsa suka rasa yadda za su yi da shi. Ta'aziyyarsu ke nan, irin wadda ta koya musu.

Mutum ɗaya ne ya kasa zama, shi ne wana. Tun da aka fita da gawar yake kai da kawowa daga ƙofar ɗakinta zuwa rumbu, yana magana shi kaɗai, ba ya ci ba ya sha. Tabarmar da suke saƙawa tare tana yashe a ƙasa, rabinta a gama. Da la'asar Baba ya ja ni gefe. Bai dube ni ba ya ce, “Wadda ka iya da shi ta tahi. In anka yi bakwai bai natsu ba, turu za mu hiddo. Ba ni bari ya illata ɗan wani.”

Don wannan magana nake rubutun nan. Idan ban faɗi wace ce Gwaggo ba, ba wanda zai gane abin da turun nan yake nufi a gidanmu.

Wana ya girme ni da shekara shida. Ya tafi kurmi ci-rani yana saurayi mai yawan dariya, ya dawo bayan shekara huɗu babu jaka, babu magana. Wata biyu yana zaune kamar an dasa shi. Daga nan ya fara ihu, yana fasa tukwane, yana bin mutane da icce. An ba shi rubutu ya sha, an yi hayaƙi, an kai shi wurin masu magani har ƙetaren iyaka. Da dabara ta ƙare, Baba ya sa aka sassaƙo gungumen icce, aka huda shi, aka zura ƙafar wana, aka buga ƙarfe. Shi ne turu. Baba ba mugu ba ne. Tsoro ne ya yi masa yawa, kuma abin da ya ga ana yi ke nan tun yana yaro.

Lokacin Gwaggo ta dawo gida ke nan daga takabar mijinta na uku. Ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta ɗauko damin kabarta da kaskon ruwa, ta je ta zauna a gefen wana, ta jingina da bangon da ya jingina, ta shiga saƙa. Ya zage ta, ta yi shiru. Ya watsa mata ƙasa, ta kakkaɓe zane ta ci gaba. Kullum in ta idar da sallar asuba tana nan har rana ta yi zafi, da la'asar ta dawo. Ana cikin wata na biyu, wata rana ya miƙa hannu ya zari kaba ɗaya, ya sa farce yana tsagawa. Ba ta juyo ba. Ƙafa ta sa ta tura masa rabin damin.

Ba a jima ba ta tarar da Baba a zaure. Wana sunan kakanmu gare shi, wato mahaifinta, don haka ba ta faɗin sunansa, Babana take ce masa. Ta ce, “Kwance min Babana.”

Baba ya ce, “In ya kashe wani hwa?”

Ta ce, “In kisa zai yi, da ni zai soma, ni ke kusa. Kwance shi.”

Ita ce babba, ba ya iya ja da ita. Aka cire ƙarfen, aka mirgina turun bayan rumbu. Tabon yana nan a idon sawun wana har yau.

Daga nan labari ya bazu, aka riƙa kawo mata mutane a amalanke. Ba ta da laya, ba ta da saiwa, ba ta karɓar ko goro. Dokokinta kaɗan ne, kuma ba ta taɓa lissafa su ba, ni ne na tsince su daga baya. Ba ta zama gaba da gaba da marar lafiya, sai a gefensa. Ba ta kallon ƙwayar idonsa. Ba ta tambayarsa me ke damunsa. Kuma ba ta barin hannunsa haka nan, ko tsagar kaba ce sai ya riƙe. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, “Wanda hankalinai yat tahi yawo ba a bin shi da gudu. Zama ake bakin ƙohwa, don in ya dawo ya iske mutum.”

Kada wani ya ɗauka waliyyiya nake zanawa. Bakin Gwaggo ya fi barkono. Kaji ma sun san ta, in ta fito tsakar gida sai su watse. Ta yi shekara ba ta ga maciji da matar liman a kan maganar guga. Duk haƙurinta ta tara shi ne a gindin bangon nan, sauran jama'a kuwa sai su yi ta kansu. Tabarmin da marasa lafiya suka saƙa ba ta sayarwa, masallaci take kai wa. Shi ya sa tabarmin masallacinmu duk karkatattu ne, baƙo ya yi ta mamaki.

Ni kuwa, tun da na fito lakwal ɗin koyon aikin likita na sa farar riga, ta laƙaba mini Lokotoro, wato babban likita, alhali ta san allura da wankin ciwo ne aikina. Ba ta raina maganinmu ba. Ƙwayoyin da nake kawo wa wana a gwangwanin madara take ajiye su, kiran salla ne agogonta, ba ta taɓa tsallake rana ba. Abin da take cewa kawai shi ne, “Kawo, Lokotoro. Ƙwayarka tana kwantar da shi, amma ba ta zama da shi.” Ni a lokacin kunyar aikin nata nake ji. Na taɓa ce wa abokan aikina gwaggona tana kiwon mahaukata kamar yadda wasu ke kiwon tumaki, suka yi dariya, ni ma na yi.

Ana nan sai wani proje, wato shirin agaji, na lafiyar ƙwaƙwalwa ya sauka Konni, da fararen motoci da wata anasara mai shugabantarsa. Kullum da safe takan shimfiɗa wata 'yar tabarmar roba a baranda, ta lanƙwashe jiki, ta miƙe, ta rufe ido tana jan numfashi. Ta ce mana sunan abin yoga. Ina so a san da ni, sai na ba ta labarin Gwaggo, wannan karon da ado. Nan da nan ta ce in raka ta.

Kwana uku muka yi muna zuwa. Gaskiya matar nan ba ta da wulakanci. Ta cire takalmi, ta ci tuwo da hannu, da ta ga tabon ƙafar wana sai da ta yi hawaye. Tana tambaya, ina fassarawa, kuma a nan ne na tafka ta'asar. Gwaggo ta ce, “Ni kaba nika saƙa, su ko su zamna.” Sai na ga wannan ya yi ƙauyanci da yawa, na ce wa anasara tsohuwa tana koya musu natsuwa da sauraron numfashinsu. Gwaggo ta ce, “Ba ni kallonsu, kunya suka ji.” Na ce tana shiga zuciyarsu ba tare da magana ba. Alƙalamin anasara yana ta gudu.

Gwaggo ta harare ni ta ce, “Lokotoro, mi take rubutawa haka? Ni kalma huɗu nic ce.”

Na ce, “Harshensu na ke da tsawo, Gwaggo.”

Ta ce, “Ko dai naka.”

Bayan shekara aka kira mu formasiyo, wato horon aiki, a garin Tawa. Aka raba mana ɗan littafi mai sheƙi da tabarmar roba kowa ɗaya. An haɗa zaman Gwaggo da yogar anasara, an raɗa wa abin suna da Faransanci, da tambarin proje a sama. A bangon littafin ga hannuwan Gwaggo, na gane su da zoben azurfarta, a ƙasa an rubuta “wata tsohuwar karkara”. A ciki an ce ma'aikaci ya zauna gaba da gaba da marar lafiya, su tanƙwashe ƙafafu, a ajiye duk abin da ke hannu, a rufe ido, a ja numfashi, sannan a tambaye shi me yake gani. Kaba ba ta fito ko sau ɗaya ba. Na karanta na ji daɗi. A raina na ce yanzu ne abin ya zama ilimi. Aka ba ni takardar shaida, na sa ta a gilashi.

Ba a daɗe ba ciwon yana ya rufe idon Gwaggo na dama, aka kwantar da ita a Konni za a kankare mata. Kafin a shiga da ita ta riƙe hannuna ta ce, “Ka tahi gida ka duba Babana. Ka ba shi ƙwayarshi, ka bar shi da kabarshi.” Na ce to.

Na same shi a gindin bango yana saƙa, lafiya lau, har ya tambaye ni jikin Gwaggo. Na shimfiɗa tabarmar roba, na ce ya dawo nan. Ya dawo, don wana ba ya musu in yana cikin hankalinsa. Na zauna a gabansa, gwiwa da gwiwa. Na zare kabar daga hannunsa na ajiye gefe. Na kafa masa ido, shi kuwa yana ta sunkuyar da kai. Na ce, “Yaya, ruhe idonka.”

Ya ce, “A'a.”

Na ce, “Magani na. Ruhe kaɗan.”

Ya ce, “Don Allah a'a.”

Sai na miƙa tafin hannuna na rufe masa ido da kaina.

Ban taɓa jin ƙara irin wadda ya yi ba, kuma ba na fatan in sake ji. Ya kai mini naushi, haƙorina na gaba ya fita, ya tsallake danga ya nufi daji. Sai da maza shida suka bi shi. Kafin magariba an mirgino turu daga bayan rumbu, ni kuma ina tsaye da jini a farar rigata ina kallo ana buga ƙarfe. Ban ce a bari ba. Kwana tara ya yi a ciki.

Gwaggo ta dawo da auduga manne a ido. Ba ta shiga ɗaki ba, ba ta sha ruwa ba. Ta tsaya a kan Baba sai da aka kwance wana, sannan ta juyo kaina. Ta ce, “Shekara bakwai ina zamne kusa da yaron ga kahin ya hwaɗa min abin da anka yi mai can kurmi. Ɗaure mai ido anka yi, kwana da kwanaki, shina jin ana bugun 'yan'uwanai ɗaya-ɗaya. Ban tambaye shi ba, shi ya hwaɗi, muna saƙa. Kai ka zo rana guda ka sa hannu ka ruhe mai ido.”

Na ce, “Gwaggo, haka anka koya muna. Cikin littahi yake.”

“Littahin wa?”

Na ɗauko na nuna mata. Ta kawo shi kusa da idonta mai lafiya, ta daɗe tana kallon hannuwanta. Ta ce, “Wanga hannuna na. Ina kabar?” Ta miƙo mini littafin ta ce, “Tashi ka ba ni wuri.”

Shekara guda cur ba ta sake ce mini Lokotoro ba. Da sunana na yanka take kirana, a bushe, kamar mai kiran suna a buron gwamnati. Ban san tsokanar nan tana da daɗi ba sai da na rasa ta. Wana kuwa in ya hango ni sai ya tashi ya shige ɗaki. Na rage zuwa gida. Ina aika ƙwayoyin ta hannun direba, ina ce wa kaina aiki ne ya yi yawa.

Abin da ya sasanta mu wani Ba'indiye ne mai sayar da injin ban-ruwa ga masu noman albasa. Zazzaɓi ya kawo shi wurina, ya ga littafin a kan teburina, ya buɗe ya ga zanen mutum a tanƙwashe. Ya yi murmushi, amma ba na jin daɗi ba. Da 'yar Hausarsa ta kasuwa ya ce mini wannan ibadar kakansa ce, da addu'o'inta da azuminta da ladubbanta, mutum yakan yi rayuwarsa duka yana koyo a gaban malami. Ya ce yanzu an cire duk wannan, an bar miƙa da lanƙwasa, ana sayarwa tare da tabarmar roba. Da na je gida na tsuguna nesa da Gwaggo na ba ta labarin, don ban da wani abin da zan kai mata.

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, “Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ashe muna da yawa. Ka ce ina gaida kakan nasa.”

Na ce, “Ya daɗe da mutuwa.”

Ta ce, “To ya huta da gani.” Hannunta yana aiki ta ce, “Ni sunana bai dame ni ba, mi zan yi da suna cikin takarda? Matar nan ba ta da mugun nuhi, na ga hawayenta. Abin da ka shiga jaka ta ɗauka ta tahi da shi. Zaman ba shi shiga jaka. Kai ko da kas san haka, kai ka taya ta ɗauri. Matso nan, Lokotoro, in koya ma tsagar kaba.”

Na ji sanyi a raina da sunan ya dawo. Amma na duba agogo na ce motar Konni za ta wuce ni, sai hutu mai zuwa. Ta ce, “Allah shi kai mu.” Hutu ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce. Sau uku tana yi mini wannan tayi. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai, ya fi haƙorin, ya fi littafin. Tana tsufa a gindin bango ita kaɗai da wana, tana neman wanda za ta bar wa zaman, duk gidanmu ba wanda ya matso.

To ga shi ta tafi, ga kwana bakwai suna ƙaratowa. Baƙin nan uku sun koma gidajensu. Rana ta huɗu wana ya jefi wata mata da muciya, Allah ya sa bai same ta ba. Kafin azahar na ga an mirgino turu tsakar gida, an ajiye guduma a kai. Baba ya ce, “Kai ad da allura. In kana iyawa ka yi, in ba ka iyawa ka kauce.”

Ina da allurar a jaka, kuma da ta kama da na yi. Amma na san za ta kwantar da shi kwana ɗaya, ya farka ya tarar ba kowa, sannan turu. Na ba ƙanwata ƙwayarsa ta sa masa kusa da fura, don ba ya karɓa daga hannuna. Na tuɓe riga ta ma'aikata, na ɗauko damin kabar Gwaggo, na zagaya bayan ɗaki. Ban zauna a wurinta ba, ƙasar wurin ta lotsa daidai jikinta, na kasa. Na zauna can gefe, na jingina da bango, na fuskanci gona.

Ban iya komai ba. Kabar tana karyewa a hannuna, ta yanke ni a yatsa biyu. Wana yana wucewa ta gabana yana surutai, ina jin idona yana so ya bi shi, ina hana shi. Bakina yana ƙaiƙayi in ce Yaya yi haƙuri, in ce Yaya zauna, in ce me kake ji. Ashe shiru aiki ne mai nauyi haka. Na zauna har la'asar, ba abin da ya faru. Kashegari ma haka, sai dai ya sha furar. Matan gida suka fara cewa ciwon ya kama na biyu.

Rana ta shida da hantsi na ji takunsa ya tsaya. Ban ɗaga kai ba. Ya daɗe a tsaye. Sai na ji ya zauna, ba kusa sosai ba, tsakanina da wurin Gwaggo. Na ci gaba da karya kaba. Can sai kaskon ruwa ya matso gabana, da ƙafa aka turo shi.

Ya ce, “Jiƙa ta. Busassa karyewa takai.”

Maganar farko ke nan da ya yi mini tun ranar da na rufe masa ido. Na tsoma kabar a ruwa, hawaye suna zuba a kaskon, ban share ba don kada in motsa. Ya jawo tabarmar da suka bari, ya nemo bakin saƙar, ya ci gaba daga inda ta tsaya. Baba ya leƙo ta gefen rumbu ya daɗe yana kallonmu. Da yamma na tarar an mayar da turun inda yake. Ba a ƙone shi ba, yana nan, kuma ni da Baba duk mun san dalili.

Ban ce wana ya warke ba. Yana shan ƙwayarsa, yana da ranakun da ba ya son ganin kowa. Na nemi a mayar da ni ƙaramar likita kusa da gida, abokan aiki suka ce na yi wauta, na bar gari na koma ƙauye. Mun gama tabarmar kafin arba'in, muka kai masallaci. Duk wanda ya duba zai ga inda hannun Gwaggo ya tsaya da inda nawa ya shiga, don daga nan ta karkace.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kaifin bakinta, ya sa kada ta rasa mai zama kusa da ita a inda take, kamar yadda ba ta bar kowa shi kaɗai ba. Mu kuma ya ba mu haƙurin zama.

Yanzu kullum in na tashi aiki da la'asar nakan zagaya bayan ɗakin. Nakan tarar wana ya riga ni, ya cika kasko, ya raba kaba kashi uku. Ɗaya a gabansa, ɗaya a gabana, ɗaya a wurin da ƙasa ta lotsa. Ba ya taɓa na ukun, ni ma ba na taɓawa. In an kira magariba sai ya tattara shi ya mayar cikin dami, gobe ya sake rabawa. Ban taɓa tambayarsa dalili ba.